Tankin mai bayan an mayar da bas fowil: faci, yanka, canji ko ƙera sabo?

Damina biyu da suka wuce na mayar da bas ɗina fowil, wato mai jan ƙafa huɗu. Sana'ata kai taki da iri da maganin feshi ƙauyukan Soba da Giwa, in dawo da masara ko tumatir gwargwadon lokaci. Duk wanda ya taɓa sauka daga kwalta bayan Maigana a watan Agusta ya san yadda jar ƙasa take wulaƙanta mota mai jan baya kaɗai. Aikin ya yi kyau: an ɗaura akwatin okzilari, wanda yake raba ƙarfin inji ga ƙafafun gaba da na baya, a bayan giyabos, an sa aksul na gaba, an ja furofela ta biyu. Sati bakwai da yin haka na tsaya a Kwangila a nan Zariya, sai wani mai shayi ya ɗaga murya ya ce, "Malam, motarka tana warin fetur fa." Na duƙa na leƙa. A hancin tanki akwai wani wuri mai sheƙi kamar an goge shi da sanfefa, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, tsakiyarsa a jiƙe, ɗigo yana taruwa a hankali yana faɗowa. Kan wani noti na akwatin okzilarin ne yake ta cin ƙarfen duk lokacin da na taka mota a cikin laka.

Daga ranar na zaga garejin Sabon Gari da na Tudun Wada, na je Panteka a Kaduna, na zauna da masu walda da kanikawa da direbobi irina. Hanyoyi biyar na tarar ana bi. Biyu na gwada a kan motata, ukun na gan su a motocin mutane.

Me ke kawo matsalar

Kamfani in ya ƙera bas mai jan baya, yakan kwantar da tanki a ƙarƙashin daɓe, tsakanin ƙarfen casis da furofela, don wurin babu kowa. Akwatin okzilari kuwa yana zuwa da tsawo da ƙiba, kuma sau da yawa mazauninsa daidai hancin tankin yake faɗawa. Furofelar baya an rage mata tsawo, kwanciyarta ta canza. Salansa an karkatar da ita don ta ba furofelar gaba hanya, sai ta matso jikin tanki. Ga kuma sabon ƙarfen da aka gindaya ya tallafi giya.

Abin da yake yaudarar mutane shi ne duba mota a kan rami tana kashe. Za ka ga yatsa yana shiga tsakanin tanki da giya, ka ce lafiya lau. Alhali inji da giyabos a kan roba suke zaune, in ka sa ƙaramar giya ka taka a cikin caɓi gaba ɗayansu murɗawa suke yi gefe guda. In ka ɗora buhun taki ashirin, tan guda ke nan, sifirin ya kwanta, furofela ta hau sama. Tazarar yatsan nan ta tafi.

Manyan kamfanoni ma sun sha wannan. Lokacin da Volkswagen ta fitar da bas ɗinta mai jan ƙafa huɗu, T3 Syncro, a 1985, wadda aka haɗa tare da kamfanin Steyr-Daimler-Puch a garin Graz na ƙasar Ostiriya, sai da aka ɗauke tanki daga gaba, inda furofela za ta bi, aka mayar da shi baya a saman giya. A Amurka masu mayar da manyan bas na Ford fowil sukan rage tsawon tankin don akwatin ya sami wuri. Duk inda aka yi wannan aiki sai an yi shawara da tanki. Inda muke kuskure a nan shi ne barin shawarar sai ya fara yoyo.

Ma'aunan da zan bi

Na farko, kuma shi ne uban sauran, tazara: shin hanyar ta raba tanki da abin da ke gugarsa, ko rami kawai ta toshe? Na biyu lita nawa za ka rasa ko ka ƙaru da su. Na uku kuɗi, kuma zan auna hanyoyin ne da junansu, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin ƙarfe da na kayan Beljiyam ba ya kwana inda ya wuni. Sai ƙarko a kan hanya mai gargada, sai sauƙin samun wanda zai yi aikin a Zariya, sai haɗari, na ranar aiki da na bayansa.

Kafin ka zaɓa, amsa tambayoyi uku. Tankinka ƙarfe ne ko roba? Manna masa maganaɗisu, in ya kama ƙarfe ne. Fetur kake sha ko dizal? Kafireta ce ko injekta? Mai injekta yawanci famfonta a cikin tanki yake, man da ke kewaye da shi ne yake sanyaya shi, kuma yana tura mai da ƙarfin da ya kai wajen bar 3 a ma'aunin matsi. Duk abin da ya taɓa siffar tankin ya taɓa famfon.

Maganar wuta

Wannan ta shafi huɗu daga cikin hanyoyin, don haka gara in gama da ita. Ruwan fetur ba shi ke fashewa ba, tururinsa ne. In tururin ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar da ke wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Cikakken tanki tururinsa ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Tankin da aka juye aka bari ya "bushe" shi ne yake shiga daidai wannan tsakani, kuma mai yana maƙalewa a cikin lanƙwasar ƙarfe da tsatsa, zafin walda ya fito da shi. Dizal sai ya ɗumama sama da digiri 50 yake ba da tururin da zai kama, amma wutar walda ta wuce nan nesa, don haka shi ma ba a yi masa ganganci.

Dattijon da ya yi mini aiki daga baya, da na kai masa tankin na ce ina sauri, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Ɗana, in yau kake so, ɗauki kayanka. Ni sai na wanke shi sau uku da ruwan zafi da omo, ya kwana, gobe in cika shi da ruwa in bar inda zan yi aiki kaɗai." Na ce, "Baba, wasu hayaƙin salansa suke hura masa su yi nan take." Ya ce ya sani, kuma ya san waɗanda suka yi hakan suka rasa ido. Hayaƙin mota yana iya ɗauke da ɗanyen mai da sauran iska, musamman na tsohon inji, shi ya sa ba abin dogaro ba ne. Wanki da ruwan zafi, cikawa da ruwa, ko hura iskar agon ko ta kabon a ciki duk tsawon aikin, su ne hanyoyin da ake yarda da su. Kuma ba a taɓa walda ko yankan tanki yana jikin mota.

Hanya ta ɗaya: faci a inda yake

Faci iri uku ne. Sabulun wanki da ake murzawa a bakin rami yana aiki domin fetur ba ya narkar da sabulu, zai kai ka gida daga daji, amma kududdufin farko zai wanke shi. Gam mai haɗi biyu ya fi shi, in an sauke mai ƙasa da ramin, an goge ƙarfen har ya yi fari, an bar shi ya bushe sarai. Yana riƙe ɗan ƙaramin huji a shimfiɗaɗɗen wuri. A kan haɗin ƙarfe, ko inda tanki yake motsi, ɓallewa yake yi. A jikin tankin roba kuwa asara ce tsantsa, irin robar da ake yin tanki da ita gam ba ya kama ta. Na uku shi ne dalma irin ta masu gyaran lagireto, a ɗora ɗan fallen tagulla ko ƙarfe a narka dalma a kewaye da ƙarfen liƙi da aka gasa a can nesa da tankin. A cikin facin nan uku wannan ne kaɗai zan kira gyara.

Kuɗinsa shi ne mafi ƙanƙanta, ba ka rasa lita ko ɗaya, ana gamawa a yini. Sai dai tazarar tana nan yadda take. Ni gam na fara sawa, ya yi kwana goma sha tara, notin nan ya cinye shi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wasu sukan haɗa da bugun tankin da guduma don ya lotsa ya ba da wuri. In santimita ɗaya ake nema, a wuri mai faɗi, da gudumar katako, bayan an wanke, yana yiwuwa. Fiye da haka lanƙwasar takan zama tsaga, rufin cikin tanki ya ɓare, wani lokaci a danne hannun geji ko a ɓalle shamakin ciki da ke hana mai kaɗawa ba a sani ba.

Faci yana zama na dindindin ne kawai in an kawar da abin da ke guga: a juya noti, a rage masa kai, a canza robar giya da ta mutu, ko a ɗan matsar da tankin baya da maɗauransa.

Hanya ta biyu: yanke tsohon tanki a rage shi

Wannan na tankin ƙarfe ne kaɗai. A nan na tsaya daga ƙarshe, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Fara da lissafi. Tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, a raba da 1,000, shi ne lita. In tankinka faɗinsa 45 ne, zurfinsa 22, aka yanke 15 daga hancinsa, ka rasa lita kusan 15. A ce motarka tana cin lita ɗaya a kilomita 7, tafiyar kilomita 105 ke nan ta ragu, fiye da nisan Zariya zuwa Kaduna. Tankin bas ɗin Hiace da ake kira homa lita 70 ne, in ya koma 55 za ka ji a jikinka, balle ma fowil ta fi shan mai. Shi ya sa ba kullum ake datse hanci gaba ɗaya ba. Sau da yawa kusurwa ɗaya ce take karo da akwatin, sai a cire ta kaɗai kamar an yanki gefen burodi. Nawa haka aka yi, lita 8 na rasa.

Abin da ke raba aikin kirki da na banza a nan ƙananan abubuwa ne. Yankan ya kauce wa bakin famfo da hannun geji da shamakin da ke hana mai kaɗawa. Fallen da za a rufe da shi ya zama baƙin ƙarfe mai kaurin na tankin ko ya ɗan fi, a lanƙwasa bakinsa ya hau kan tsohon, kada a haɗa baki da baki tsirara. Kwanon rufi ko ƙarfe mai ruwan tutiya ba ya cikin lissafi: hayaƙinsa guba ne ga mai walda, kuma dizal yana cin tutiya ya kai ta nozul. Irin waldar ma tana da muhimmanci. Ƙarfen tanki bai cika wuce milimita ɗaya da kaɗan ba, waldar sanda ta lantarki huda shi take yi, ta bar ƙananan ƙofofi a ƙarƙashin kashinta waɗanda ido ba ya gani sai fetur ya nuna su. A nemi mai waldar agon, ko gwanin waldar kabayid mai haƙuri.

Gwaji kuwa kada ka yarda a tsallake shi. Baba ya shafa alli a bayan layin waldar, ya zuba kananzir a ciki ya jujjuya, muka zauna. Bayan kamar rabin awa wani ɗan ɗigo mai duhu ya fito a jikin allin, bai fi ƙwayar gero ba. Ya zagaye shi da ƙusa, ya sake wankewa, ya sake bi. Sannan ya toshe ƙofofi, ya ɗaura balan-balan a bakin bututu ɗaya, ya hura da famfon keke har balan-balan ɗin ta miƙe, ya bi layin da ruwan kumfa. Iskar da ake gwada tanki da ita ba ta wuce awo 3 a ma'aunin da mai faci yake cika taya da shi, inda tayar bas take shan 40 ko fiye. In ka kai wa mai faci ya hura da injinsa, tankin zai kumbura ya lalace.

Raunin wannan hanya tsatsa ce. Kamfani yana rufe ƙarfen tanki da wani siririn ruwan ƙarfe don kada ya yi tsatsa, wutar walda tana ƙone shi a kan layin. Daga waje fenti zai rufe. Daga ciki sai an sami ruwan rufin tanki na musamman an zuba an jujjuya, in ba a samu ba a riƙa barin tankin da mai sosai musamman da damina, a kuma riƙa canza filta da wuri. Kuɗinsa matsakaici ne, yana cin kwana biyu zuwa uku, famfonka da gejinka da wuyan zuba mai duk suna nan inda suke. Gejin zai ɗan yi ƙarya kaɗan, za ka koyi halinsa cikin sati.

Hanya ta uku: tankin wata motar

Toyota ta ƙera Hiace masu fowil tun daga kamfani, haka Mitsubishi da L300 da Delica, haka Nissan da Caravan. In bas ɗinka yana da ɗan'uwa irin wannan, kuma da kayansa aka yi maka juyin, to tankinsa da maɗauransa da bututunsa su ne amsar da ta fi kowace tsabta. Babu wuta, babu yanka, shamaki da bututun numfashi duk injiniyoyi sun gama lissafinsu. Masu kayan Beljiyam na Sabon Gari suna iya aikawa a nemo, ko ka je Ƙofar Ruwa a Kano da kanka, in ta ƙi sai Ladipo a Legas.

Inda take ƙwacewa shi ne yawancin juyin da ake yi a nan haɗe-haɗe ne: giya da okzilari na Hilux ko Pajero a ƙarƙashin bas. Siffar akwatin daban, inda furofela take fita daban, don haka tankin kamfani ba lalle ya zauna ba. Kada ka saya da ido. Yanki kwali ka haɗa siffar wurin da ke akwai a ƙarƙashin motarka, ka tafi da shi kasuwa tare da tef. A can kuma a cire famfo ka duba cikin: tankin da ya daɗe a yashe yakan yi kyau a waje, ciki kuwa garin tsatsa. Na roba ba ya tsatsa, amma duba zoben bakin famfo ko ya tsage. Tankin dizal da na fetur ba ɗaya ba ne a wajen famfo da bututu. In kuma na wani kamfanin ne daban, gejinsa ba zai yi magana ɗaya da agogon dashbod ɗinka ba, sai mai wayarin ya dasa naka a jikinsa.

Kuɗi ya fi na yanka, wani lokaci da nisa in an haɗa da kuɗin mota da jira. Ƙarko kuwa babu kamarsa in an dace.

Hanya ta huɗu: ƙera sabo

Wannan ita ce ta mai son lita. Tunda a kan wurin da ya rage za a auna, ana iya yin tanki mai ƙafa, ya zagaye akwatin ya miƙe baya, har ya fi na asali ɗauka. Baƙin ƙarfe mai milimita 1.6 zuwa 2 ya fi araha, kowane mai walda yana iya gyara shi a ƙauye, amma yana tsatsa. Sitenles ba ya tsatsa, ga tsada, kuma sai agon. Alminiyom mai milimita 3 ba shi da nauyi, sai dai ba ya son jijjiga: in aka ɗaure shi ƙam da casis zai tsage a bakin walda, kuma in ya daɗe yana taɓa baƙin ƙarfe a cikin danshi yakan ciwu. Ga hanyoyinmu ni baƙin ƙarfe ko sitenles zan zaɓa.

Akwai gwanayen ƙira a Panteka da nan Zariya, amma wanda ya saba da tankin ruwa ko na janareta akwati zai yi maka, kuma akwati ba tankin mota ba ne. Dole ka zauna da shi ku lissafa abin da za a sa. Shamaki biyu ko uku a ciki, domin lita 70 ta fetur kilo 52 ce, ta dizal 58, in wannan nauyi yana gudu gaba da baya zai fasa walda. Ɗan kwarmi a ƙarƙashin famfo, don kada ya sha iska in mota ta karkata a gangare da mai kaɗan. Bututun numfashi mai bawul ɗin da ke rufewa in mota ta kife. Fili a sama, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, da ba zai cika ba ko an so, domin fetur yana kumbura: lita 70 da ka sha da sanyin safiya in ta ƙaru da digiri 15 a ranar Afrilu za ta ƙara kusan lita guda. Bakin famfo a yanko na tsohon tanki a dasa, in ƙarfen iri ɗaya ne. Zurfin wajen ya zo daidai da na asali, in ba haka ba famfo ba zai kai ƙasa ba. A rataye shi da maɗauri biyu masu shimfiɗar roba, kada a yi masa kunnuwa a ɗaure da noti. A ja masa wayar at (earth) zuwa jikin mota.

Shi ne mafi tsada, yakan ci sati ko fiye. Haɗarinsa ranar aiki kaɗan ne tunda sabon ƙarfe bai taɓa ganin mai ba. Haɗarin yana gaba: tankin kamfani an gwada shi a karo, naka ba wanda ya gwada. Don haka a guji kusurwa mai kaifi, kuma kada ya sauko ƙasa da ƙarfen casis don kwaɗayin lita biyar.

Hanya ta biyar: canza masa wuri ko ƙara na biyu

Wurin da ake yawan kallo shi ne mazaunin safaya, bayan bakaksul, wato aksul na baya. Ana iya mayar da tankin can gaba ɗaya, ko a rage na asali a ƙara ƙarami a can da ɗan famfon da zai riƙa turo mai. Yana raba ka da okzilari kwata-kwata. Amma nan ne gindin mota yake dukan ƙasa in kana fitowa daga kwazazzabo, nan ne kuma mai bin ka a baya zai fara samu in birkinsa ya ƙi. Sai an huda jikin mota an yi sabon bakin zuba mai, an ja dogon bututu, an nema wa safaya wuri a ƙofa ko a sama. Kowane sabon haɗi wurin yoyo ne na gobe. Wanda yake da niyyar sa tukunyar iskar gas ta CNG, irin aikin da ake yi a cibiyar fasahar sufuri ta NITT da ke hanyar Basawa a Zariya, ya yi shawarar tun yanzu, domin wuri ɗaya suke nema.

Tanki a cikin ɗakin mota, ƙarƙashin kujera, ko jarkoki a bayan fasinja, ban sa su a lissafi ba. Na ga ana yi, kuma ina roƙon duk mai yi ya daina.

| Hanya | Tazara | Lita | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi a Zariya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Faci | Ba ya gyarawa | Babu asara | Mafi ƙanƙanta | Gajere, sai na dalma | Yini ɗaya | Yoyo ya dawo a daji |
| Yanka | Yana gyarawa | Asarar 5 zuwa 15 | Matsakaici | Mai kyau in an rufe ciki | Kwana 2 zuwa 3 | Fashewa ranar walda, tsatsa |
| Na wata mota | In ya dace | Kusan daidai | Sama da matsakaici | Mafi kyau | Sai an nemo | Ƙin zama, tsatsar ciki |
| Sabon ƙira | Yana gyarawa | Ana iya ƙari | Mafi tsada | Ya danganta da maƙeri | Sati ko fiye | Tsagewa, rashin numfashi |
| Canza wuri | Yana gyarawa | Ana iya ƙari | Mai tsada | Matsakaici | Aiki mai yawa | Dukan ƙasa, karo ta baya |

Abin da kowace hanya take bukata a ƙarshe

Tsakanin tanki da akwatin okzilari ni ba na yarda da ƙasa da yatsa biyu zuwa uku, furofela kuma fiye da haka. Salansa in ba ta kai tafin hannu nesa ba a sa fallen kare zafi a tsakani, da iska ta kowane gefe. A ƙarƙashi a sa farantin ƙarfe mai milimita 3 ko 4, a ɗaure shi da casis, ba da tankin ba, a huda shi don laka ta riƙa zuba, in ba haka ba jar ƙasa za ta taru ta riƙe danshi ta ci tankin daga waje. Bututun numfashi a ja shi sama, don ranar da za ka ratsa rafi kada ya sha ruwa.

Sannan a yi gwajin yumɓu. Ka cura ɗanyen yumɓu kamar ƙwan kaza ka manna a duk inda tanki ya fi kusa da wani ƙarfe, ka yi lodi irin wanda ka saba, ka sa okzilari ka hau gangare ka sauko, ka juya hagu da dama. Kaurin da yumɓun ya rage da shi shi ne tazararka ta gaskiya. A motata ya nuna mini wani wuri na biyu da ni da Baba ba mu lura da shi ba, kusa da maɗaurin baya.

Wa ya dace da wace

In huji ne ƙarami a tankin ƙarfe, kuma abin da ke guga ana iya kawar da shi da sifana, yi facin dalma ka gyara tazarar, kada ka kashe kuɗin da ba dole ba.

In akwatin ne da kansa yake cin wurin, tankin ƙarfe ne mai lafiyar ciki, kuma zirga-zirgarka ba ta wuce Giwa, Soba, Makarfi da Ikara inda gidan mai bai yi nisa ba, yanke kusurwa ya ishe ka. Abin nema shi ne mai waldar da zai ƙi yi maka a rana ɗaya.

In tankinka roba ne, hanya ta ɗaya da ta biyu sun fita. Nemi na wata motar, in bai samu ba a ƙera.

In da kayan ɗan'uwan motarka na kamfani aka yi juyin, ko kuma fasinja kake ɗauka, ko motar asibiti ce ko ta makaranta, jira tankin kamfani ko da zai ɗauki wata guda. Inda rayukan mutane suke zaune a saman tanki, wanda aka gwada shi ya fi.

In aikinka na nesa ne, kana kwana biyu a ƙauyuka ba ka ga famfon mai ba, ƙera sabo mai ƙafa a wurin na asali, ka tsaya a kan maƙerin har ka ga shamakin da idonka kafin ya rufe saman. Tanki na biyu a mazaunin safaya sai in wannan bai ishe ka ba, shi ma ƙarami, mai faranti a ƙarƙashi.

Wanda kuwa bai riga ya yi juyin ba, ya sa a sauke tankin tun ranar da za a gwada zaman akwatin okzilari, a auna su tare, a sa kuɗin gyaransa cikin cinikin farko.